Durƙuson da Ya Kai Kofinmu Gusau

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, Sakkwatawa ba za su bar ni ba. Ko makon jiya ina tsaye a Gidan Igwai ina jiran keke, wata tsohuwa da ban ma gane ta ba ta leƙo daga cikin mota ta ce, "A'a, Sannu-da-zuwa, ashe kina nan da ranki?" Na yi dariyar yaƙe na ɗaga mata hannu. Furfura ta gama cinye kaina, haƙora sun fara sallama, amma sunan nan ya ƙi tsufa. To bari in ba ku labarin yadda na samo shi, gara ku ji daga bakina kafin ku ji wurin masu ƙara gishiri.

A shekarun saba'in ne, ina kwalejin horar da malamai mata a nan cikin Sakkwato. Sojoji ke mulki, kuɗin mai kuma sun fara shigowa, gwamnati na ta gine-gine kamar an ce gobe siminti zai ƙare. Mu ma rabonmu ya iso: aka zuba mana fili na kankare a bayan ɗakin cin abinci, aka kafa dogayen ƙarafa biyu masu zobe da raga, aka raba mana takalman kambas kyauta. Aka ce wannan shi ne ƙwallon kwando. Mai koya mana wata malama ce da gwamnati ta ɗauko daga ƙasar Filifin, Madam muke ce mata. 'Yar ƙarama ce, amma in ta daka tsawa har masu gadi sai sun gyara tsayuwa. Hausarta ba ta wuce "maza-maza" da "duba gaba" da "riƙe" ba, kuma duk mu mata "kai" take ce mana.

Ni gajeruwa ce, ba na ɓoyewa. Ranar da aka jera mu don zaɓe, na tabbata tsintar ƙwallo za a ba ni. Sai Madam ta wurgo mini ita ba zato, na cafe da hagu, na mayar mata da dama kafin ta sauke hannu. (Wannan ba wata baiwa ba ce, 'yar carafke ce da na ƙare ƙuruciyata a kanta maimakon wanke-wanke.) Nan take ta ce ni ce mai raba ƙwallo. Ga wanda bai san wasan ba, mai raba ƙwallo ita ke ɗauko ta daga baya tana buga ta a ƙasa, idonta na kan kowa, ta ga wadda ba a tsare ba ta miƙa mata. Kamar mai rabon tuwo a gidan biki take, dole ta san wa ya samu, wa ke jira, kuma in aka yi ɓari ita za a tambaya.

Abin kuwa ya karɓe ni. Shekara ta farko ina koyo, ta biyu na zama kyaftin, ta uku babu makarantar da ke son a haɗa ta da mu. Ina iya kallon gabas in aika ƙwallo yamma. Akwai Kulu, wata doguwar 'yar Argungu da ke tsayawa ƙarƙashin kwando. Ni da ita ba ma sai mun yi magana ba, in na ɗaga gira ta san ƙwallo na tafe. Ƙananan ɗalibai har rububin riƙe mini kambas suke. To kun san halin ɗan Adam. Kan nan nawa ya kumbura har ɗankwali ya fara yi mini kaɗan. Da bakina na taɓa cewa, a gaban mutane, duk Sakkwato ba a haifi wadda za ta karɓi ƙwallo a hannuna ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Gidanmu a Ƙofar Rini yake. Baba yadi yake sayarwa a kasuwa, shadda da atamfa. Ba mutum ne mai zafi ba, shi ne ma ya sa ni boko lokacin da maƙwabta ke ta surutu. Amma gidanmu akwai doka. In Baba ya shigo zaure yakan yi gyaran murya, kuma duk yaron da ya ji, ko me yake yi, gwiwa ta kai ƙasa. Sannan ba a gaida babba da abu a hannu. Sai ka ajiye shi a gefe, a natse, kafin ka buɗe baki. Na taɓa gaishe shi da tsintsiya a hannu ina ƙarama, Inna ta bi ni da muciya har bayan rumbu. Tun daga ranar gwiwata ta daina shawara da ni. Da ta ji muryar nan, ita ke yanke hukunci, ni sai dai in bi ta.

A shekarar ƙarshe Madam ta kira ni ta ce za a yi wasan ƙarshe na kwalejojin mata, mu da wata kwaleji daga Gusau, kuma a wurin za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha a Kaduna. Wadda ta yi fice, daga nan akwai hanyar zuwa Zariya karatun koyar da wasanni. Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so tafiyar nan ba. Amma ko an zaɓe ni, ba inda zan taka sai Baba ya ce to.

Da aka yi hutu na bi ta wurin Inna, kamar yadda ake yi. Ashe magana ta riga ni isa kasuwa. Maƙwabcin rumfar Baba, Alhaji Maiturare, mutum mai son a ji ra'ayinsa ko ba a tambaya ba, ya riga ya zuba masa nasa. Inna ce ta kawo mini yadda ya faɗa: wai ɗiyar da ta saba tsalle gaban jama'a, gwiwarta ba ta ƙara lanƙwasawa gaban manya. Yau ƙwallo, gobe ta gaida ubanta a tsaye, hannu a ƙugu.

Baba ya kira ni bayan ya ci tuwo. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Ni dai ban ce i ba, ban ce a'a ba," in ji shi. "Ina tahowa in ga wanga wasa da idona. Abin da idona yag gani shi za shi yanke magana."

Na koma makaranta da wannan maganar a ƙirji. In ina atisaye ita nake ji, in ina cin abinci ita nake ji. Na yi niyyar ranar nan zan nuna wa Baba wasan da ba a taɓa gani ba, har Alhaji Maiturare ya haɗiye maganarsa.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, 'yan sanda masu badujala suka zo da kayan busarsu. Wani hafsan soja ya wakilci gwamna, ya zauna a gaba da 'yar sandarsa a hammata, fuskar nan kamar bai taɓa jin labarin dariya ba. Masu zaɓen 'yan wasa na gefensa. Tun muna ɗumama jiki nake bin kujerun nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba Baba.

Aka busa usur. 'Yan Gusau ba kanwar lasa ba ne. Akwai wata Ladi a cikinsu da aka ɗora a kaina, duk inda na juya tana nan kamar inuwa. Duk da haka na yi abin da na saba. Na yi ta zuba wa Kulu ƙwallo, tana ta jefawa, su ci mu ci. Aka tafi hutun rabin lokaci, na sake duba kujeru. Ba Baba. Aka dawo, rana ta fara sanyi, har yanzu shiru. Sai zuciyata ta ce mini ai shi ke nan, rashin zuwan nan shi ne amsar. Na daina duba kujeru, na sa fushin duka a cikin wasa.

Lokaci ya kusa cika, muna gaba da maki ɗaya tak, kuma ƙwallo na hannuna. Madam na bakin layi tana ihu, "Riƙe! Kai, riƙe!" Abin da ya rage mini ke nan a duniya: in yi ta buga ta a ƙasa, in hana Ladi taɓawa, har alƙalin wasa ya busa tashi. Aikin da ko cikin barci zan iya. Na janyo ƙwallo zuwa gefen fili, na juya wa Ladi baya, har na fara tunanin yadda zan ɗaga kofi.

Sai na ji gyaran murya a bayan kunnena.

Jama'a, ba irin ta kowa ba ce. Ita ce dai, ta zauren gidanmu. Ashe Baba ya tsaya rufe rumfa da sallar La'asar, ya iso a makare tare da Alhaji Maiturare. Da yake bai san ana zama a kujera a kalli abin daga nesa ba, sai ya ratso mutane da babbar rigarsa ya zo ya tsaya daidai kan farin layi, don ya gani da idonsa kamar yadda ya yi alkawari.

Ni dai ban san lokacin da abin ya faru ba. Na ga ƙasa ta matso kusa, shi ke nan. Gwiwoyina biyu suna kan kankare. Kuma da yake ba a gaida babba da abu a hannu, na ɗauki ƙwallon nan, ƙwallon wasan ƙarshe, na ajiye ta a gefena a natse. (Har dafa ta na yi don kada ta gangara. Wannan dafawar ita ta fi ci mini rai har yau.) Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, sannu da zuwa."

Shi kuma Baba, da yake an gaishe shi, ai sai ya amsa.

"Yawwa, sannu ɗiyata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ina karatu?"

"Da godiya."

Kun san gaisuwar Sakkwato ba ta da gajeriyar hanya. Muna cikin haka Ladi ta zagayo. Daga baya ta gaya mini ta ɗauka wata dabara ce. Ta dubi ƙwallo, ta dubi alƙali. Alƙali na tsaye, usur a baki, ya rasa dokar da aka karya, don ba a karya ko ɗaya ba. Da ta ga dai da gaske ajiyewa aka yi, ita ma 'yar mutunci, sai ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Baba," ta sunkuci ƙwallo ta sheƙa. Babu kowa a gabanta. Ta je ta saka ta a kwando cikin kwanciyar hankali, maki biyu.

Sai dariya ta fashe a filin. Ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in sake ji. Hafsan sojan nan mai ɗaurarriyar fuska ya yi ta dariya har sandarsa ta faɗi. Mai busa ƙaho ya gwada busawa ya kasa. Madam ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu biyu a ka. Kulu na can ƙarƙashin kwando tana kiran sunana kamar an yi gobara. Ni kuwa ina nan durƙushe, don Baba bai sallame ni ba tukuna.

Shi ne ya fara farga. Ya bi Ladi da kallo, ya dawo da ido kaina.

"Ke, wagga ɗiya ta ɗauke miki abinki. Tashi mana!"

Na tashi da gudu kamar an watsa mini ruwan zafi. Aka miƙo mini ƙwallo daga bayan layi, na hango Kulu can ƙarshen fili, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni na aika mata. Ta isa hannunta daidai. Kulu ta jefa. Ƙwallon ta hau zobe, ta zagaya, ta yi kamar za ta shiga, sai ta canza shawara ta faɗo waje. Usur ya tashi. An cinye mu da maki ɗaya, kuma kowa a filin nan ya san wadda ta bayar da shi kyauta, har da ladabi.

Ban tsaya ganin an miƙa kofi ba. Na gudu bayan ɗakin ajiyar kaya na haɗa kai da gwiwa na yi kuka mai isata. Ni da na ce ba a haifi mai karɓar ƙwallo a hannuna ba. To gaskiyata ce ta wani fannin, ba a karɓa ba, ni na ajiye. Na ja wa 'yan uwana asarar kofin da suka yi shekara suna wahala a kansa. Masu zaɓe sun ga wauta da idonsu. Baba kuma ya zo ganin ɗiyarsa gwana, ya tarar gari na yi mata dariya. Na ce Kaduna dai sai a mafarki.

Kulu ce ta gano inda nake. Idonta ja wur, ita ma ta yi nata kukan. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce, "Tashi, Baba na jiranki bakin ƙofa."

Na same shi a gindin dogon yaro, shi da Alhaji Maiturare. Na durƙusa. (Wannan karon ba komai a hannuna, an riga an raba ni da shi.) Baba bai dube ni ba, abokinsa ya duba.

"Alhaji, kai kac ce gwiwa ba ta lanƙwasawa."

Alhaji Maiturare ya gyara hula, ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. "Na janye, Malam. Wagga kam ai lanƙwasawar har ta yi yawa."

Sai Baba ya juyo gare ni. Na sa ran faɗa, amma muryarsa a kwance take.

"Kin sha zuwa rumfa kawo man abinci. Kin taɓa ganin almakashi na cikin shadda, wani ya yi sallama, na saki na miƙa mai hannu?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Baki ka amsawa, hannu na bisa aikinai har in kai ƙarshen yanka. In na ɗaga kai yadi ya karkace, mai kaya na cuta. To ke 'yan uwanki sunka ba ki amanar abinsu, kinka aje ƙasa don ki gaishe ni. Ni ina gudu za ni? Da kin ƙare kin iske ni."

Hawaye suka sake zubo mini. Na ce ya yafe mini, na ji gyaran muryarsa ne.

"Wane gyaran murya?" in ji shi. "Goro na yas sarƙe ni."

Alhaji Maiturare ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Baba ya bari na gama shan kunyata, sannan ya ce, "Abin da niz zo gani na gani. In sun ɗauke ki, ki tahi Kaduna, Allah shi ba da sa'a. Gwiwa ta iya durƙuso, wanga aikin innarki na. Saura ki koya mata sanin lokaci."

Na shiga yi masa godiya. Na yi ta maimaita ta har ya ce ya isa.

Kuma sun ɗauke ni. Madam ta ce shugaban masu zaɓen ya ce yarinyar da za ta tashi daga irin wannan abin kunya ta aika ƙwallo tun daga wancan ƙarshen fili har hannun abokiyarta, ba za a bar ta a gida ba. (Ta ce yana faɗa yana share hawayen dariya, amma wannan ba ruwana.) Na bi 'yan ƙungiyarmu ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Sun yafe, sai dai sun karɓi diyyarsu: har muka gama makaranta, duk wadda ta gamu da ni sai ta ajiye bokiti ko littafin da ke hannunta a ƙasa, ta dafa shi, ta ce, "Sannu da zuwa." Daga nan sunan ya fita gari.

Na yi wa jiha wasa shekaru da dama, ni da Kulu da Ladin nan, wadda ta zama aminiyata. Mun ciwo kofuna, amma wancan na farko yana Gusau, kuma Ladi ba ta taɓa barin na manta ba. Na je Zariya na yi karatuna, na dawo na koyar da wasanni a wata makarantar 'yan mata da ke wajen Arkilla har na yi ritaya. Baba, Allah ya ji ƙansa, ya zama ba ya fashin kallon wasana in a Sakkwato ake yi. Can kujerar baya yake zama, kuma Inna ta hana shi cin goro ranar wasa.

Duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa, akwai abin da ban taɓa fasawa ba. Kafin a busa usur sai in tara 'yan matana in ce kowace ta duba cikin 'yan kallo, in akwai ubanta, ko kawunta, ko maƙwabcin kakanta, ta je yanzu ta durƙusa ta gaishe shi har da tambayar gajiya, ta ƙare ta dawo. Sukan yi dariya, don duk sun san dalili. Ni ma in taya su. Abin da na koya dai shi ne ladabi ba ya ɓata wa mutum hanya, ni shi ya buɗe mini tawa. Amma in amanar mutane na hannunka, gaida babba da baki, ka riƙe ƙwallonka da kyau. Kuma kafin ka kai gwiwa ƙasa, ka tabbata kiranka aka yi, ba goro ne ya sarƙe dattijo ba.